Babi na Shida: Goron Kirsimeti

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku a Abuja ya san cewa da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, hunturu ya sauko da hazonsa har Dutsen Aso ya koma sai inuwarsa ake hange, to, garin yakan shiga zubar da mutanensa kamar yadda kuka take zubar da ganye da rani: tashar Jabi da ta Utako da ta Nyanya su cika maƙil da masu haramar gida, waɗansu Kafanchan da Zonkwa, waɗansu Pankshin da Langtang, waɗansu can ƙetaren Kwara da Binuwai, kowa da buhunsa na shinkafa da jarkar mai da jakar tsaraba, har hanyar Kubwa da ta Mararraba, waɗanda a sauran kwanaki sai mai haƙuri yake binsu da safe, su wayi gari fayau kamar an share. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, gama birni ne da doka ta haifa a 1976, gwamnati kuwa ba ta tare a cikinsa ba sai ran 12 ga Disamba 1991, saboda haka in ka ɗebe Gbagyi da sauran 'yan ƙasa waɗanda aka tarar, kusan kowane magidanci yana da wani gari dabam da yake kira gida. Sai dai shekara talatin da 'yan kai ba kwana kaɗan ba ne; an haifi 'ya'ya a nan, sun yi wayo a nan, sun balaga a nan, alhali kakanninsu da goggonninsu na ƙauye ba su san su ba sai a hoton waya.

A irin wannan lokaci ne, cikin Disambar 2024, wata maƙwabciyata a Kubwa, Kirista mutuniyar kudancin Kaduna, wadda muka shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu, tuwon Sallarmu yana shiga gidanta shinkafar Kirsimetinta tana shigowa namu, ta yi sallama bayan la'asar, ta zauna a gefen tabarma, muka gaisa, sa'an nan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Baba Malam, ɗan nan naka ne ya ba ni mamaki. Tun yana goye nake yi masa kayan Kirsimeti, ko da bashi ko da adashi. Bana na ce ya shirya mu je Wuse a gwada masa takalmi a yanka masa yadi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, 'Mama, da dai kin ba ni kuɗin.' Yanzu ni ce zan ƙirga wa ɗan cikina kuɗi a hannu kamar lebura?"

Na yi dariya, ta ce ita ba ta ga abin dariya ba, sai na ba ta haƙuri na ce da kaina nake yi wa, domin ciwon da ya kawo ta na riga ta jinyarsa. Shekara biyu kafin nan, ana jibi Ƙaramar Sallah, na tafi kasuwar Wuse takanas saboda wani ɗan ƙanwata mai shekara goma sha biyar, na yi ta shiga rumfa ina fita har Allah ya haɗa ni da wani takalmin fata baƙi mai igiya, irin wanda a zamanin ƙuruciyarmu sai a ƙafar akawun En'e ko hedimasta ake ganinsa, na yi ciniki har gumi ya karyo mini, na biya kuɗin da ni kaina na daɗe ban sa a ƙafata ba. Yaron ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya irin ta mai tarbiyya, ni kuma na koma gida ina jin na yi abin kai. Bayan wata huɗu na kai musu ziyara, maigadin unguwarsu ya taso ya buɗe mini ƙofa, ina duba ƙasa sai ga takalmina yana ƙyalli a ƙafarsa, an take dunduniyarsa an mai da shi silifa. Da na yi wa uwar yaron ƙorafi sai ta rufe baki tana dariya ta ce, "Yaya, ai yaran yanzu ba sa sa irin wannan, kambas suke so. Kunyarka ce ta hana shi faɗa."

Wannan hasara, wadda mai bayarwa ya yi ta kuma mai karɓa bai ci ribarta ba, akwai wanda ya zauna ya auna ta da alƙalami. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Yale ta Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibansa abin da aka ba su na Kirsimeti, da kuɗin da suke zaton an kashe a kai, da kuma abin da su da kansu za su yarda su biya da a ce su ne masu saye, sai ya tarar cewa tsakanin ushuri zuwa sulusin kimar kayan yana salwanta a hanya, watau a kashe dala ɗari a kan abin da a idon mai shi bai wuce saba'in ko tis'in ba. Mutane da yawa sun yi masa raddi, suka ce ya auna zumunci da mudun kasuwa, kuma raddinsu yana da fuska, domin tsohuwar hular da mahaifina ya bar mini ko kyauta ba mai karɓarta a Wuse, amma ba ni sayar da ita. Abin da ya fi jan hankalina a bincikensa wani reshe ne dabam: ya ga cewa kyautar aboki da ta masoyi ba ta cika faɗuwa ba, wadda ta fi lalacewa ita ce ta dangi na nesa, kakanni da kawunnai da goggonni, kuma su ɗin ne suka fi karkata ga ba da tsabar kuɗi, kamar dai zuciyarsu ta riga ta gaya musu cewa ba su san yaron ba. Ashe takalmina shaida ne a kaina, cewa na san sunan ɗan ƙanwata da lambar ƙafarsa, ban san shi ba.

Turawa sun daɗe suna neman tsaka-tsaki tsakanin kunyar miƙa kuɗi da tsoron sayen abin da ba a so. A Ingila, a 1932, aka fito da wata takarda ta sayen littafi, bisa shawarar wani mai buga littattafai, Harold Raymond, wanda ya lura cewa mutane suna gudun ba da littafi kyauta don kada su zaɓi wanda ba za a karanta ba. Sai ka sayi takardar ka ba mutum, shi kuma ya je kanti ya ɗauki littafin da ransa yake so. Daga irin wannan dabara ce katunan kyauta na manyan kantuna suka yaɗu. A nan Abuja akan same su jefi-jefi a kantunan Jabi da Wuse, galibi a hannun kamfanonin da ke yi wa ma'aikatansu ihsanin ƙarshen shekara, amma ba su kama ƙasa ba, kuma ina ganin hujjar mutanenmu a kan haka mai ƙarfi ce, domin kati yana ɗaure ka ga kanti guda mai farashi guda, inda ba a tayi ba a ragi, alhali kuɗin nan da za a kai su kasuwar Karu ko Dutse da sun sayi ninkin abin. Katin da ya karɓu a wurinmu shi ne na waya. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 aka shiga kankare kati ana tura lambarsa ga ɗan makaranta, shi kuwa sau da yawa ba ya ko lodawa, sai ya kai wa mai laima a bakin titi ya sayar da ragi ya karɓi tsaba, wanda ya nuna a fili abin da yake bukata tun farko.

Na ce wa maƙwabciyata, in ta duba da kyau za ta ga cewa al'adarmu, tamu da tasu, ta riga ta yi wa wannan mas'ala hukunci tun kafin a haifi mai binciken Yale, sai dai hukuncin rabo ne ta yi. Tufafi a wuyan iyaye suke: kayan Sallah a gidanmu, kayan Kirsimeti a gidansu, uba ya yanko yadi, uwa ta yi zaryar wurin tela, wanda a makon ƙarshe yakan zama mutumin da aka fi nema kuma aka fi zagi a unguwa. Kuɗi kuwa na sauran jama'a ne, wanda muke kira goron Sallah ko barka da Sallah, kuma 'ya'yan Kirista masu jin Hausa, tun daga Wusasa ta Zariya har Kagoro har Karu, su ma haka suke bin gidaje cikin sababbin kaya suna barka da Kirsimeti ana miƙa musu abin da ya sawwaƙa. Kalmar goro ita kanta ta isa bayani, gama asali ƙwayar goron ake bayarwa, da kuɗi suka maye gurbinta sai suka gaji sunanta, suka gaji mutuncinta, shi ya sa Bahaushe ba ya jin nauyin miƙa kuɗi ga wanda ya zo gaishe shi yadda Bature yake ji. (Su ma Turawan suna da tasu: hutun 26 ga Disamba da muka gada daga gare su, wanda sunansa na Ingilishi ya sa waɗansu suke zaton ranar dambe ce, asalinsa ranar da ake ba barori da masu sana'a akwatin kyauta ne, sau da yawa kuma kuɗi ne a ciki.)

Ina iya tuna yawon Sallarmu kafin a sauya kuɗi, lokacin kwabo mai huji a tsakiya wanda muke zirawa a zare mu rataya a wuya, da taro, da sisi, wanda kuwa ya sami sule guda a gida ɗaya ranar sai a yi ta labarinsa. Naira ta zo ran 1 ga Janairu 1973, sa'an nan aka shiga yayin sabuwar takarda, wadda har yau ita ce ƙawar goro, ta yadda magidanci zai yi kwana uku yana lallashin wani sananne a banki don ya samo masa bandir, in bai samu ba ya saya da riba a hannun masu talla, ko da yake dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta cinikin takardar naira da liƙa ta a wurin biki, ta kuma yanka ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar naira dubu hamsin. Wannan wahala da ake sha a kan sabunta tana da ma'ana, domin naira ɗari sabuwa da tsohuwa abu ɗaya suke saye, amma sabuwar tana gaya wa yaro cewa an yi tanadi dominsa tun kafin ya zo. Shekaru da dama naira ashirin ce goron yaran unguwarmu, kuma nakan ce musu su dube ta da kyau domin Abuja ce gaba da baya: a fuska ga Janar Murtala Muhammad wanda a zamaninsa aka yi dokar kafa birnin, a baya ga Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane 'yar garin Kwali, ɗaya daga ƙananan hukumomi shida na wannan yanki. Yau ko ledar ruwa ba ta saye, in ka miƙa wa ɗan shekara biyar sai ya dube ka ya dube ta.

To, ga inda gizo yake saƙar. Wannan rabo yana tafiya daidai muddin yaro yaro ne, ana sa masa abin da aka ga dama yana murna, goronsa kuma uwa ta ce kawo in ajiye maka, ajiyar da har gobe ba a ji wanda aka mayar wa ba. Amma idan ya kai sha huɗu ko sha biyar, murya ta buɗe, ya soma tsayawa gaban madubi, ya zama yana da abokai waɗanda hukuncinsu a kan wandonsa ya fi masa zafi da hukuncin alƙali, sai ya nemi a haɗe masa kason biyu a hannunsa, kayan ma a ba shi kuɗinsu. Iyaye sukan ji wannan kamar raini ne ko butulci, ni kuwa a ganina bushara ce, domin yaro ne yake neman a gwada shi.

Malamanmu suna da kalma a kan abin da ake gwadawar, ita ce rushdi, watau iya tasarrufi da dukiya ba tare da ɓarna ba, kishiyarta kuma safaha. A farkon Suratun Nisa'i, aya ta biyar da ta shida, an hana a danƙa dukiya ga safihi, sa'an nan aka yi umarni da a riƙa jarraba marayu har su isa aure, idan an ga alamar rushdi a tare da su sai a miƙa musu abinsu. Malaman tafsiri kuma suka yi bayanin cewa jarrabawar tana kasancewa ne ta hanyar ba yaro wani abu kaɗan ya juya a gani, ɗan ɗan kasuwa a gwada shi da saye da sayarwa, ɗan manomi da sha'anin gona. Abin lura shi ne balaga kaɗai ba ta wadatar, kuma rushdin ba ya bayyana sai an ba da abin da za a iya ɓatarwa. Uban da bai taɓa barin ɗansa ya yi kuskure da naira dubu goma ba, ranar da zai tura shi jami'a a Zariya ko Keffi da kuɗin zango guda a aljihu, caca ce yake yi ko da bai sani ba. Goron biki kuwa shi ne mafi arahar makarantar wannan darasi, domin in ya salwanta ba kuɗin haya ba ne ba na magani ba. Dangane da ajiyar iyaye mata kuma, mazhabar Malikiyya ta yarda uba ya karɓe kyautar da shi ya yi wa ɗansa matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kanta ba, suna kiran wannan i'itisari, uwa ma tana da irinsa bisa sharaɗi. Amma goron da kawu ya bayar ba uwa ce ta bayar ba balle ta karɓe, amana ce a hannunta. Na taɓa faɗar haka a gidana, aka kwana biyu ana ba ni tuwo ba man shanu.

Da na ga maƙwabciyata ta yi shiru, sai na ce ai ko a littafinsu akwai madogara, tun da Linjilar Matiyu, sura ta biyu, ta ambaci abu uku da masanan gabas suka kawo, zinariya da lubban da mur, na farkonsu kuwa kuɗi ne tsagwaronsa. Kuma Nikolas, bishop ɗin garin Mira a ƙasar da take Turkiyya yau, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kuma daga gare shi aka samo Baba Kirsimeti mai jar riga, hikayar da ta fi shahara a kansa ita ce ta jakunkunan zinariya da ya jefa da dare a gidan wani matalauci mai 'ya'ya mata uku don su sami abin aure. Ta kama haɓa ta ce, "Baba Malam, ashe da kai za mu ba wa'azin Lahadi."

Amma fa kada a ɗauka kuɗi ba su da aibi. Na farko, ba su da sirri: in ka ba wannan dubu biyar ka ba wancan dubu uku, kafin ka rufe ƙofa sun ƙirga sun gwada, alhali da riga ce da agogo da ba mai sanin wanda aka fifita, kuma a gidan da akwai 'yan uba wannan ƙaramin bambanci yakan yi shekara ashirin ana tuna shi. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, a kan haka yake, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya keɓe ɗa guda da ita ban da sauran. Sa'an nan ba su da tsawon rai. Dubu goma a hannun ɗan sha shida tana iya narkewa cikin kwana uku a data da shawarma, ko, abin da ya fi muni, a shagunan cacar ƙwallo waɗanda suka cika lungunan Kubwa da Nyanya, inda doka ta ce sai ɗan sha takwas amma ba kullum ake tambayar shekaru ba. Wanda ya yi ƙoƙarin adanawa ma bai tsira ba, domin hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, watau kuɗin da aka jefa a asusu sun rasa kusan rubu'in ƙarfinsu cikin shekara guda, a shekarar da buhun shinkafa ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira dubu saba'in.

Kakanninmu sun san maganin wannan, shi ya sa kaka takan ba jikanta 'yar akuya ko kaza, kyautar da take ci da kanta ta haihu, yaro ya koyi kiwo da haƙuri da lissafi a kanta, har wata rana a sayar da 'ya'yanta a yi masa wata lalura. Ba a kiwon akuya a bene, amma tana da magada: keken ɗinki ga yarinyar da hannunta ya nuna, ko 'yan kayan aiki ga yaron da yake koyon gyaran waya a Banex, ko biyan kuɗin rajistar jarrabawar JAMB, wadda hedikwatarta ma tana nan Bwari kusa da mu kuma rajistarta takan buɗe ba da daɗewa ba bayan biki. Irin wannan kyauta ta fi kuɗi nesa ba kusa ba, domin abu ne da matashi ba zai saya wa kansa ba ko an ba shi kuɗinsa, sai dai sharaɗinta mai nauyi ne, sai wanda ya zauna da yaron ya san inda zuciyarsa ta karkata. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, irina da takalmina, ya ba da goro ya huta, ya kuma hutar.

Abin da ya fi damuna dai ba a teburin maƙwabciyata yake ba, kuma ya faro ne daga wata shekara da ba mai mantawa. Ran 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Sababbin suka fara fita ran 15 ga Disamba, kwana goma kafin Kirsimeti, amma ganinsu ya zama sai mai rabo. Aka sa 31 ga Janairu 2023 ranar daina karɓar tsofaffin, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, mutane suka yi ta kwana a layin banki, masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Cikin waɗannan watanni mai tsire da mai kayan miya da tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba duk suka koyi tura kuɗi ta waya, OPay da Moniepoint suka shiga bakin kowa, da tsaba ta dawo kuma ɗabi'ar ba ta koma ba. Sallar da ta biyo baya na zauna a zaure tun bayan saukowa daga Idi da 'yan canjina a aljihu, ƙananan yara suka zo kamar kullum, amma daga cikin samari da 'yan matan dangi, waɗanda da sukan cika mini tabarma, uku kaɗai na gani. Sauran saƙo suka aiko, kusan lafazi ɗaya: barka da Sallah Kawu, ga lambar asusuna.

Na tura musu, domin laifin babba rowa, amma na kwana ina tunanin abin da ya ɓace. Da can goro hatimi ne a kan ziyara. Kafin yaro ya same shi sai ya taka, ya koyi hanyar gidan goggonsa da na aminin ubansa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya amsa tambaya a kan karatu, a ci gyaransa a gaisuwa, a ba shi abinci ya ci. Babba kuma a cikin minti goman nan yakan ga abin da uwa da uba ba su gani ba saboda kusanci, ko rama, ko jan ido, ko sabon aski mai neman magana, ko kuwa wata basira da ta cancanci a taimaka mata. Nan ne ake samun sanin da yake sa kawu ya iya zaɓen kyautar da ta dace badi. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su yi zaton za a zo zamanin da kuɗi za su yi tafiya su bar ƙafar a gida ba. Mutanen Sin, masu al'adar jar ambulan a sabuwar shekararsu, sun riga mu shiga wannan hali tun 2014 da manhajar WeChat ta mai da ambulan ɗin abin latsawa. Ban ce a daina turawa ba, gama wanda yake Legas ko Landan ba shi da wata hanya, kuma kuɗin mota daga Gwagwalada zuwa Kubwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, yana iya cinye goron kaf. Amma wanda muke unguwa ɗaya da shi na sa masa doka daga shekarar nan, cewa asusuna ba ya aiki sai an zo an gaishe shi.

Shawarar da na ba maƙwabciyata ke nan a taƙaice, cewa ta ba shi kuɗin, a hannu, cikin ambulan, ta faɗa masa na kayan Kirsimeti ne, sa'an nan ta bi shi kasuwar ta riƙe masa jaka ta kuma riƙe bakinta. Ta ce na farkon mai sauƙi ne.

Ana jibi Kirsimeti ta dawo tana tafa hannu. Wai ba Wuse ya kai ta ba, wajen 'yan gwanjo ya ja ta, ya yi ta ɗaga kambas yana duba ƙasansa yana lanƙwasawa kamar dillali, ya taya rabin abin da aka sa masa, ya juya zai tafi har sau biyu ana kiransa, ita da take ganin ta iya ciniki sai kallo ta koma yi. Ya rage canji ya ce na gyaran gilashin wayarsa ne. "To amma wandon, Baba Malam! Sabo fil, da kuɗinsa, a yage a gwiwa biyu! Na buɗe baki sai na tuna na yi maka alkawari, na cije leɓe har ya yi jini."

Ranar Kirsimeti da azahar aka yi sallama, sai ga shi da babbar kula ta shinkafa da soyayyar kaza, cikin kambas fari tas da wandon da ake magana. Ya ajiye, ya durƙusa zai gaishe ni, gwiwoyin biyu suka leƙo waje furu-furu saboda hunturu. Na tambaye shi karatu, ya ce badi zai rubuta JAMB, injiniyan lantarki yake so. Na ce ya dawo bayan biki ya duba mini fankar zaure da ta daina juyawa, na zaro sabuwar dubu guda biyu da na ɓoye tun Babbar Sallah na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Yana miƙewa sai uwargida ta leƙo daga tsakar gida, ta dubi gwiwar, ta yi salati ta ce, "Wayyo ɗan nan, faɗuwa ka yi a babur? Tuɓe maza in kama maka da zare kafin ka koma coci."